Matsayin Kumburi Cikin Ciwon Huhu na Hawan Tsauni

Gabatarwa

Mutumin da aka haifa a Ɗambatta, ya tashi cikin gonakin gero da dawa da gyaɗa na arewacin Kano, ba shi da wani dalili na jin tsoron tsauni. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce tun daga madatsar ruwa ta Tomas har zuwa 'yan duwatsun Kazaure, kuma tsayinta bisa teku bai kai mita 600 ba. Ko Dutsen Dala da ake buga misali da shi a birni, ƙoƙuwarsa tana kan kimanin mita 534 ne kawai. To, amma zamani ya sa tafiya ta yi sauƙi. A kan tura ma'aikacin gwamnati taro Adis Ababa, ɗalibi ya sami gurbin karatu a wata ƙasa mai tsaunuka, ɗan kasuwa ya hau Mambila, maniyyaci kuma ya shiga jirgin sama a filin Malam Aminu Kano. Kowanne daga cikinsu zai shaƙi iskar da jikinsa bai saba da ita ba.

Manufar wannan lacca ita ce a yi bayanin wani ciwon huhu da kan kama mai lafiya garau idan ya hau wuri mai tsawo da gaggawa, a kuma duba wata tambaya da likitoci suka daɗe suna muhawara a kanta, watau ko kumburi ne yake haddasa ciwon, ko kuwa ciwon ne yake jawo kumburi. Amsar wannan tambaya ita ce take nuna irin maganin da za a ba marar lafiya, kuma kuskure a nan yakan kai ga asarar rai.

1. Iskar Ƙasa da Iskar Tudu

Iskar da ɗan Adam yake shaƙa gauraye ce, kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne, watau sinadarin da jiki yake ƙona abinci da shi ya sami ƙarfi. Wannan kaso ba ya canzawa, ko a Ikko bakin teku ko a ƙoƙuwar Kilimanjaro. Abin da yake canzawa shi ne nauyin iskar. Idan aka jibge auduga a rumfa, ta ƙasa ta fi matsewa, ta sama kuwa sakwa-sakwa take. Haka iska take. Iyakar hawan mutum, iyakar raguwar matsin iska, har ya zama numfashi ɗaya ba ya ɗauke da oksijin kamar yadda yake ɗauke da shi a ƙasa. Wani masani Bafaranshe mai suna Paul Bert shi ne ya tabbatar da wannan bayani a cikin littafin da ya wallafa a 1878.

A Ɗambatta nauyin iska yana kusa ƙwarai da na bakin teku. A tsayin mita 2,400 yakan ragu zuwa kimanin kashi uku cikin huɗu, a mita 5,500 ya koma rabi, a ƙoƙuwar Ebares kuwa, wadda take kan mita 8,849, bai wuce sulusi ba.

Ciwon da ake magana a kai ba kasafai yake faruwa ƙasa da mita 2,500 ba. Garin Jos yana kan kimanin mita 1,200, tudun Mambila kimanin 1,600, ƙoƙuwar Bagzan a duwatsun Azbin na Nijar 2,022, sa'an nan Cappal Waddi ta Jihar Taraba, wadda ta fi ko'ina tsawo a Nijeriya, 2,419. Ke nan a ƙasar Hausa da kewayenta babu wurin da ya kai wannan iyaka. Haka nan hakin da alhazai kan yi wajen hawa Jabalun Nur a Makka na gajiya ne da zafin rana, domin dutsen bai kai mita 700 ba. Amma Dutsen Kamaru ya haura mita 4,000, Kilimanjaro ya kai 5,895, biranen Lasa a Tibet da La Faz a Bolibiya kuma suna kan kimanin mita 3,600, ga shi jirgi yakan sauke mutum a can cikin yini guda.

Cututtukan hawan tsauni iri uku ne. Akwai mai sauƙi, mai sa ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci. Akwai kumburin ƙwaƙwalwa, mai sa tangaɗi da ruɗewa. Sa'an nan akwai taruwar ruwa a huhu, wadda ta fi sauran kisa, ita ce kuma batun wannan lacca.

2. Kumburi Iri Biyu

Kafin a ci gaba wajibi ne a warware wata kalma. Bahaushe yakan ce ƙafar mai juna biyu ta kumbura, ya kuma ce maruru ya kumbura, alhali kuwa abubuwa biyu ne daban a wurin likita.

Na farko kumburin ruwa ne. Idan matsin jini ya yi yawa a cikin siraran jijiyoyi, ruwan jini yakan tsattsafo ya taru a tsoka. Irin wannan ba ya ja, ba ya zafi, in an danna shi da yatsa sai ya lotsa. Shi ne ake gani a ƙafafun mai ciwon zuciya.

Na biyu shi ne kumburi mai zafi, wanda yake yaƙi ne da jiki yake yi. Idan ƙaya ta soki manomi, ko ƙwayar cuta ta shiga jiki, sai ƙwayoyin halittar wurin su saki waɗansu sinadarai na kiran gudummawa. Jijiyoyi su buɗe, bangonsu ya saki, fararen ƙwayoyin jini su yi tururuwa zuwa wurin su far wa abin da ya shigo. Mugunyar da take fita daga maruru mafi yawanta gawarwakin waɗannan fararen ƙwayoyi ne. Tun ƙarni na farko na Miladiyya wani marubuci Barume mai suna Celsus ya lissafta alamominsa huɗu, watau ja da kumburi da zafi da raɗaɗi. Idan irin wannan yaƙi ya auku a cikin huhu saboda ƙwayar cuta, shi ne nimoniya, wadda mutane suka fi sani da ciwon haƙarƙari.

Duk inda aka ce kumburi a sauran wannan lacca, irin na biyu ake nufi.

3. Yadda Huhu Yake Cika da Ruwa

A cikin huhun baligi akwai 'yan jakunkunan iska tsakanin miliyan 300 zuwa miliyan 500, kowace an nannaɗe ta da siraran jijiyoyin jini. Shamakin da ke tsakanin iska da jini ya fi gashin kai siranta fiye da sau ɗari. Sirantar nan ita ce take ba oksijin damar ƙetarewa cikin jini nan take, ita ce kuma raunin huhu.

A 1946 waɗansu masana biyu na ƙasar Suwidin, Ulf von Euler da Göran Liljestrand, suka nuna cewa jijiyoyin huhu suna da wata ɗabi'a ta daban. Duk ɓangaren huhun da oksijin ya yi wa ƙaranci, jijiyoyinsa sukan tsuke, domin a karkatar da jini zuwa ɓangaren da yake samun iska. A ƙasa wannan dabara ce mai amfani. Amma a kan tsauni huhu duka ne yake cikin ƙarancin oksijin, saboda haka jijiyoyi su tsuke ko'ina, matsin jini a babbar jijiyar huhu ya hau.

Makiyaya sun riga likitocin mutane ganin sakamakon wannan. A 1915 George Glover da Isaac Newsom suka yi bayanin wani ciwo da kan kama shanun da aka kai kiwo tsaunukan Kolarado a Amurka, inda ƙirjin sa da ƙarƙashin wuyansa suke cika da ruwa saboda zuciya ta gaji da tura jini cikin tsukakkun jijiyoyin huhu. Da an sauko da dabbar ƙasa da wuri sai ta warware.

A jikin mutum abin yakan zo da sauri, kuma tsukewar ba ta zama daidai a ko'ina. Mai noman rani a bakin Tomas zai gane wannan. Idan injin ban ruwa yana aiki da ƙarfinsa, aka toshe mafi yawan hanyoyin da suke kai ruwa fangali-fangali, aka bar ɗaya ko biyu a buɗe, duk ƙarfin ruwan a kansu zai taru har ya fasa gefe ya malala. Haka jini yake yi wa siraran jijiyoyin da ba su tsuke ba. John West na Jami'ar Kalifoniya da abokan aikinsa sun nuna a farkon shekarun 1990 cewa matsi mai yawa yakan tsaga bangon waɗannan jijiyoyi. Daga nan ruwa da sinadarin furotin da jajayen ƙwayoyin jini su kwarara cikin jakunkunan iska, oksijin ya ƙara raguwa, jijiyoyi su ƙara tsukewa, abu ya yi ta cin gaba.

Alamomin sukan bayyana tsakanin kwana 2 zuwa 5 da isa, galibi da dare. Da farko mutum ya ga ya kasa tafiyar da abokansa suke yi, ga busasshen tari. Sa'an nan haki ko yana zaune, ƙirji yana ƙurƙur, harshe da dasashi da farce su yi duhu, daga ƙarshe ya riƙa tofar da kumfa mai jaja-jaja. Sau da yawa akan sami ɗan zazzaɓi.

4. Tarihin Gano Ciwon

Wannan zazzaɓi da tari su ne suka daɗe suna ruɗa likitoci. A 1891 wani matashin likita mai suna Jacottet ya kamu da ciwon a wata bukka da ke kan Dutsen Mon Bulan na Faransa, a tsayin sama da mita 4,300. An ba shi shawara ya sauka, ya ƙi, domin yana son ya lura da yadda jikinsa zai saba da tudu. A can ya rasu, aka kuma ɗora laifin a kan nimoniya. A 1913 Thomas Ravenhill, likitan wata mahaƙar ma'adinai a arewacin Cile, ya bayyana ciwon dalla-dalla, amma ya ɗauka daga zuciya yake. Alberto Hurtado na ƙasar Peru ya sake yin rubutu a kansa a 1937, sai dai da yake da harshen Sifaniyanci ya yi, labarin bai bazu ba.

Duniya ba ta farga sosai ba sai a 1960, lokacin da Charles Houston ya buga labarin wani saurayi lafiyayye da huhunsa ya cika da ruwa a tsaunukan Kolarado, alhali zuciyarsa lafiya lau. Bayan yaƙin Indiya da Sin na 1962, likitocin sojan Indiya a ƙarƙashin Inder Singh suka ba da rahoton ɗaruruwan sojojin da suka kamu, waɗanda aka kwasa daga ƙasa aka kai tsaunukan Himalaya da gaggawa. A cikin waɗannan shekaru ne Herbert Hultgren ya zura siririn bututu cikin zuciyar marasa lafiya a Peru, ya tarar matsin jini a jijiyar huhu ya hau ƙwarai, ɓangaren hagu na zuciya kuwa bai gaza ba. Da wannan aka wanke zuciya daga zargi. Saura kumburi.

5. Muhawara a Kan Kumburi

Hanyar da za a san abin da ke cikin jakunkunan iska ita ce a zura bututu ta maƙogwaro, a ɗura ruwan gishiri kaɗan, a zuƙo shi a auna. A tsakiyar shekarun 1980 Robert Schoene da ayarinsa suka yi wannan wankin huhu a wani sansani da ke kan Dutsen Denali na Alaska, sama da mita 4,000. Suka sami furotin mai yawan gaske, da fararen ƙwayoyin jini, da waɗansu daga sinadaran kiran gudummawa. A shekarun 1990 kuma Keishi Kubo da abokansa na Jami'ar Shinshu a Jafan suka sami irin waɗannan sinadarai da yawa a huhun marasa lafiyar da aka sauko da su asibiti. Bisa ga haka masana da dama suka karkata ga cewa kumburi ne yake sa bangon jijiyoyi yoyo.

Amma akwai abin dubawa. Duk waɗanda aka auna sun riga sun kwana ɗaya ko fiye da ciwon kafin a wanke huhunsu. Wanda ya iso gidan gobara ya tarar da 'yan kwana-kwana, ba zai ce su suka cinna wutar ba. Abin da ake bukata shi ne a kasance a wurin kafin wuta ta kama.

An sami wannan dama a bukkar Marigarita da ke kan Dutsen Monte Roza, a iyakar Italiya da Suwizalan, mai tsayin mita 4,559, wadda tun 1893 ake gudanar da bincike a cikinta. Akwai mutanen da ciwon yake yawan kamawa, har kusan shida cikin goma nasu sukan sake kamuwa in sun hau da sauri. Irin waɗannan ne suka ba da kansu domin gwaji. A 1991 Peter Bärtsch ya ba waɗansunsu nifedifin, maganin da yake buɗe jijiyoyi kawai, ba ya taɓa kumburi. Mutum 1 cikin 10 ne ya kamu, a cikin waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a ciki kuwa 7 cikin 11 suka kamu. A 2001 Marco Maggiorini ya auna ya ga matsin siraran jijiyoyi yakan hau tun farkon ciwon. Sa'an nan a 2002 Erik Swenson da abokansa suka buga sakamakon wankin huhu da suka yi a bukkar cikin kwana guda da isa. A huhun waɗanda ciwon ya fara kamawa an sami jajayen ƙwayoyin jini da furotin, amma fararen ƙwayoyin yaƙi da sinadaran kumburi ba su ƙaru ba.

Wannan ya raba gardama ga mafi yawan masana. Matsi ne yake fasa bango, kumburi kuwa daga baya yake zuwa.

6. Inda Kumburi Yake da Hannu

Duk da haka ba a sallami kumburi baki ɗaya ba. Yana da hannu ta fuska uku.

Ta farko, bayan ɓarna ta auku. Jini da furotin da suka zuba cikin jakunkunan iska, da tsagewar bangon jijiyoyi, sukan jawo fararen ƙwayoyin jini su zo shara da gyara. Abin da aka gani a Denali da Jafan ke nan. Wannan kumburi yana iya ƙara yoyo, huhun da ya jiƙe kuma yana da sauƙin kamuwa da nimoniya ta ainihi.

Ta biyu, kafin hawa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A 1997 Anthony Durmowicz da abokansa suka duba yaran da suka kamu da ciwon a wuraren shaƙatawa na tsaunukan Kolarado, suka tarar mafi yawansu sun yi mura ko ciwon kunne ko na maƙogwaro daf da kamuwa, abin da ba a samu da yawa ga manya ba. A 1998 Todd Carpenter ya nuna cewa 'ya'yan ɓerayen da aka sa wa ƙwayar cutar numfashi sun fi sauran saurin tara ruwa a huhu idan aka rage musu oksijin. Ma'ana, bangon da kumburi ya riga ya raunana ba ya bukatar matsi mai yawa kafin ya fashe. Wannan ya shafi mutanen arewacin Kano kai tsaye, domin daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokaci ne na hunturu, ga ƙurar da iska take kwasowa daga kwarin Bodele na Cadi, ga hayaƙin itace da kara a madafa, ga mura da tari gida-gida. Wanda zai tashi daga nan ya nufi wuri mai tsawo da tari a ƙirjinsa, ya tafi da tsagaggen bango.

Ta uku, ƙarancin oksijin shi kansa yana motsa kumburi kaɗan. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wani furotin da yake taruwa idan oksijin ya ragu, ya kunna ɗaruruwan umarnin gado, waɗansunsu na ƙara jini, waɗansu kuma masu alaƙa da yaƙin jiki. Gano wannan ne ya sa aka ba William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza lambar Nobel a 2019. An kuma auna an ga sinadaran kumburi suna ɗan hawa a jinin lafiyayyun mutane bayan 'yan kwanaki a kan tsauni, ba tare da huhunsu ya cika da ruwa ba.

Akwai wani gwaji da ya so ya farfaɗo da tsohuwar gardama. A 2006 Maggiorini ya ba waɗansu masu saurin kamuwa deksametazon, sanannen maganin kumburi, kwana guda kafin hawa. Babu ko ɗaya cikin 10 da ya kamu, alhali 7 cikin 9 na waɗanda ba a ba magani ba sun kamu. Amma da aka auna sai aka ga maganin ya saukar da matsin jijiyar huhu ne. Ke nan ko maganin kumburi ta hanyar matsi ya bi.

7. Sikila da Tudu

Inda kumburi da ƙarancin oksijin suka fi haɗuwa a ƙasar Hausa shi ne wajen masu amosanin jini, watau sikila. Binciken da aka gudanar a gundumar Garki, gabas da Ɗambatta, a shekarun 1970, lokacin tana cikin Jihar Kano, ya nuna kimanin mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rabin gadon sikila, kuma kusan jarirai 2 cikin 100 da cikakkiyar cutar ake haihuwarsu.

Idan oksijin ya ragu, jajayen ƙwayoyin mai sikila sukan lanƙwashe kamar lauje, su manne da bangon jijiya tare da fararen ƙwayoyi, su toshe hanya. In wannan ya faru a huhu sai a sami zazzaɓi da ciwon ƙirji da haki, yanayin da yake cikin manyan abubuwan da ke kashe masu cutar. A nan, saɓanin ciwon hawan tsauni, kumburi yana cikin tushen ciwon tun farko, kuma ba sai an kai mita 2,500 ba.

Ya kamata a san cewa ana daidaita iskar cikin jirgin fasinja ne daidai da ta tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Watau maniyyacin da ya tashi daga Kano zuwa Jidda kamar ya yi sa'o'i ne zaune a kusa da ƙoƙuwar Cappal Waddi. Lafiyayye ba zai ji komai ba. Mai sikila kuwa, ko mai tsohon ciwon huhu ko zuciya, wajibi ne ya ga likita kafin tafiya, musamman in bai daɗe da tashi daga ciwo ba. Mai rabin gado ba ya samun matsala a irin wannan jirgi, amma aikin ƙarfi a tudu yana iya toshe masa jijiyoyin saifa. Haka ta faru ga Ryan Clark, wani ɗan wasan ƙwallon Amurka, a birnin Denba a 2007, har aka cire masa saifa, alhali tsayin birnin kimanin mita 1,600 ne, daidai da Mambila.

8. Darasin Shekarar 2020

Amfanin bambance iri biyun nan ya fito fili a lokacin annobar korona. A farkon 2020 waɗansu likitoci suka lura masu korona suna da ƙarancin oksijin mai tsanani da hoton huhu mai kama da na masu ciwon tsauni, har aka fara ba da shawarar a gwada musu magungunan tsauni. Masana irin su Andrew Luks da Erik Swenson suka yi gaggawar gargaɗi. Kama da wane ba ta wane. A korona ƙwayar cuta ce take ta da kumburi ya lalata jakunkunan iska, kuma tsukewar jijiyoyi a wuraren da suka lalace taimako ce ga marar lafiya. In aka buɗe su da nifedifin jini zai koma inda babu iska, oksijin ya ƙara faɗuwa. Mai ciwon tsauni yakan warware cikin kwana biyu ko uku da oksijin da sauka, mai korona kuwa sai yaƙin jikinsa ya lafa, shi ya sa deksametazon ya rage mutuwa ga waɗanda ciwonsu ya yi tsanani.

9. Kariya da Magani

Saurin hawa shi ne babban abin da yake jawo ciwon. A tsayin mita 4,500, idan aka ɗauki kwana huɗu ana hawa, ƙasa da mutum 1 cikin 100 ne yake kamuwa, in kuwa cikin kwana ɗaya ko biyu aka hau, adadin yakan kai kimanin 6 cikin 100. Ƙarfin jiki da ƙuruciya ba su tsare kowa ba. Ƙa'idar da likitoci suka yarda da ita ita ce, bayan an haura mita 3,000 kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a rana, a kuma huta kwana guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda jirgi ya sauke a birni mai tsawo ya guji aikin ƙarfi a kwanakin farko. Mai mura ko tari ko zazzaɓi ya dakata har ya warke, musamman yaro. Wanda ya taɓa kamuwa ya nemi likita ya rubuta masa maganin kariya.

Idan alamomi suka bayyana, babban magani shi ne sauka nan da nan, kimanin mita 1,000 ko har numfashi ya daidaita, kuma a ɗauki marar lafiya, kada ya wahalar da kansa da tafiya. A ba shi oksijin in akwai, a lulluɓe shi domin sanyi yana ƙara matsin jijiyar huhu. Nifedifin taimako ne inda babu oksijin ko hanyar sauka. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya warkar da shi, sai dai likita ya haɗa da shi in yana zaton akwai nimoniya. Wanda aka bari a sama ba magani, rabi-da-rabi ne tsakanin rai da mutuwa.

Kammalawa

A taƙaice, ciwon huhu na hawan tsauni kumburin ruwa ne wanda matsin jini yake haddasawa. Kumburi mai zafi yakan share masa hanya idan ya riga shi zuwa, yakan kuma biyo bayansa ya tsananta shi. Ga mai sikila kuwa kumburi yana cikin ciwon tun daga farko, kuma ɗan ƙarancin oksijin ya isa ya tayar da shi. Abin da ya rage ga ɗalibi ko ma'aikacin da zai bar Ɗambatta zuwa ƙasar tudu shi ne ya san rukunin jininsa, ya tambayi tsayin wurin da za shi, kada ya hau da ciwo a ƙirji, in kuma haki ya kama shi yana zaune, ya sauko tun da sauran ƙarfinsa.